Ƙofar da na rufe wa Rahila a Diggi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto, 'yan'uwa.

Da ana mayar da magana ciki, da na haɗiye wadda na faɗa a zauren mai garin Diggi.

Ni Ayuba, a allurar rigakafi na tsufa. Daga Gwandu har ƙauyukan Kalgo, Likita ake kirana, alhali ƙaramar takarda gare ni. Rahila ɗiyar ƙanena ce, ni na riƙe ta bayan rasuwarsa. Da ta fara digiri na biyu kan kiwon lafiyar al'umma, sai na ga masu gaishe ni a coci suna wuce ni suna tambayarta zancen zazzaɓi. Ina murmushi, hassada tana cina. Yarinyar da na koya wa wanke hannu!

Karatun ba ya kammala sai ta shiga gidaje ta tambayi mata ruwan da yara ke sha. A Diggi kuwa baƙo ba ya wuce zaure sai wanda aka sani ya tsaya masa. Ta ce, "Baba, kai suka sani, ka yi mini gaba."

Na tafi ni kaɗai. Mai gari ya ce, "Likita, aikin ɗiyar taka, lafiya dai?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ban san inda za a kai maganar matanku ba."

Shi ke nan. Ko gida ɗaya ba a buɗe mata ba. Makaranta ta ce in ba bincike, shekara ta tafi. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji!

Ran nan a addu'ar safe ta durƙusa ta ce, "Ya Uba, ka sa wa Baba albarka, ya yi iya ƙoƙarinsa." Amin ta ƙi fita bakina. Na faɗi ina kuka, na ce, "Yesu, cire mini hassadar nan, ta cinye ni!" A nan na gaya mata komai.

Na hau babur na koma, na ƙaryata kaina gaban dattawa. Mai gari ya ce, "To, kai za ka riƙa yi mata sallama gida gida." Haka na yi, da jakarta a kafaɗata, har ta gama.

Na gode wa Ubangiji da ya kwance ni. Ku dogara gare shi. Ina roƙonku, in yaron da kuka rena ya wuce ku, kada ku yi abin da na yi, ku buɗe masa ƙofa.