Ranar da Muka Bar Baba Sajan a Bakin Ƙofa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ba a ɓoye masa ko shafi ɗaya.

Ni ne Malam Yohanna, magatakardan wannan ikkilisiya. Na tsaya ne in shaida yadda Allah ya cece ni daga ciwon da ya fi zazzaɓi cin jiki, wato fushi.

Kun san Baba Sajan Bulus. Shekara talatin da biyar ya yi a aikin soja, harsashi ya bar masa ɗingishi. Da aka dawo da shi barikin Kontagora, a lokacin da hankali ya ƙi kwanciya a hanyar Mariga, shi ya ɗauki gadin ƙofar cocin nan duk Lahadi, ba tare da an roƙe shi ba.

Da ya yi ritaya, dattawa suka sa ranar sujadar godiya domin a karrama shi. Zumuntar mata ta fitar da anko, danginsa suka taso tun daga Dukku.

To, me muka yi? Awa huɗu ana jawabi! Shugaban taro ya yi, uban taro ya yi, wani mai neman kujerar siyasa ya yi har sau biyu. Kowa yana cewa "gwarzonmu", amma ba wanda ya lura kujerar gwarzon babu kowa a kanta. Sai da aka zo miƙa kyauta aka shiga cigiya. A ina aka same shi? A bakin ƙofa, cikin rana, da lambobin yabonsa a ƙirji, yana duba jakunkunan masu shigowa. A lokacin rabin jama'a sun watse wajen rabon shinkafa.

Abin kunya!

Matarsa, Mama Rifkatu, ta tare ni da hawaye ta ce, "Malam, a ce ranar mutum guda ɗaya tak, ita ma a ƙofa zai ƙare ta?"

Daga ranar na daina gaisawa da shugaban kwamitin taron. Na ƙaurace wa Jibin Ubangiji wata biyu. Jinina ya hau. Na rubuta takarda shafi huɗu zuwa ga dattawa, na jera sunayen masu laifi, na rufe da cewa na ajiye aiki kuma na bar wannan ikkilisiya.

Da safiyar ranar da zan miƙa ta, na durƙusa. Ba tuba na je yi ba, ƙara na kai. Na ce, "Ya Ubangiji, ka nuna mini wanda ya yi wannan wulakanci, in kira sunansa a gaban jama'a!"

Da na tashi, sai na ga bai dace in yi zargi ba hujja ba. Na ɗauko littafin da nake raba ayyukan Lahadi, in ga wanda aka sa a ƙofa ranar ya ƙi zuwa. Na buɗe. Ga abin da ke rubuce: "Ƙofa: Baba Sajan." Rubutuna ne. Na kwafe kamar yadda na saba duk wata, na kuma manna a allon sanarwa da hannuna.

Wayyo ni! Mai laifin da na nema, a gidana yake kwana.

Na tarar da Baba a gindin mangwaron gidansa. Na ce, "Baba, me ya hana ka shigowa ranar?"

Ya ce, "Malam Sakatare, na duba allo na ga sunana. Soja ba ya barin wurin gadi sai an zo an karɓe shi. Abin da ban taɓa yi ba, sai ranar sallama zan fara?" Ya yi dariya. "Jawaban ma na ji ta lasifika. Da ina ciki, da barci ya kunyata ni."

Na roƙi gafararsa, na je na roƙi ta shugaban kwamiti, na yaga takardar.

Kada ku ɗauka na ce abin da muka yi daidai ne. Ba daidai ba ne! Mun saba da hidimar bawan Allah har muka daina ganinsa. Amma Ubangiji ya cire mini dafin, ya bar mini kunyar, kuma na gode masa da duka biyun.

Yau da safe na je ƙofa na ce, "Baba, na karɓe ka." Ya ƙame, ya sara mini, ya shigo. Ga shi can a layin gaba kusa da Mama.

Godiya ta tabbata ga Allah! Ku dogara gare shi, ku kai masa ƙararku, zai amsa, ko da amsar ba za ta yi muku daɗi ba.

Ku yi mini uzuri in sauka. Sunana ne a ƙofa yau. Amin.