Ƙonannen Soket a Teburin Malam Sake

Shugaban cibiyar koyon sana'a, shugabannin ƙungiyar masu aikin wuta, malamai, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, jama'a, assalamu alaikum.

Ni tsohon direba ne. Da furfurata na shiga ajin yamma, marigayi ne ya riƙe hannuna har na iya rubuta sunana. Shi ya sa aka ce in yi magana a madadinmu, mu 'yan ajin yamma.

Malam Sake muke ce masa. Ɗalibi ya haɗa waya, ya zo ya duba, sai ka ji ya ce, "Sake."

Ya kasance mai yawan dariya a da. Sai gobara ta tashi a wani gida, ta ci uwa da 'ya'yanta, kuma wanda ya ja wayar gidan takardar cibiyarmu ce a hannunsa. Malam ya shiga cikin tokar ya ɗauko ƙonannen soket, ya ajiye a teburinsa. Ga shi nan a gabanku. Ya tara malamai suka yi alkawari: ba mai ƙara gwada ɗalibinsa da kansa. Malamin wani shago zai zo ya gwada naka, kai ma ka je ka gwada nasa. Ba hukuma ce ta sa su ba.

Ya kasance ba ya duban fuska. Jikana ya faɗi gwajin, na je roƙo. Ya ce, "Baba, ɗakin da yaron nan ya ja wa wuta, za ka kwana a ciki?" Na ce sai dai da bokitin ruwa a gefena. Ya ce, "Ruwa a wutar lantarki? Kai ma sake."

Jiya jikan nan nawa ya ci gwajin, a hannun malamin da bai taɓa ganinsa ba. Murna kamar in taka rawa da tsufana. Amma wanda na so in fara kai wa albishir yana ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu muna jin wasu malamai na cewa gwajin wahala ne, kowa ya koma sa wa ɗalibinsa hannu a takarda. Hajiya, ke da yara, mun san kun yi rashin da ya fi namu, amma don Allah ku bar mana soket ɗin nan a cibiya. Malamai, duk mai son janyewa daga alkawarin, ya taso ya ɗauke shi da hannunsa muna kallo.

Mun gode da zuwanku. Allah ya ba iyalansa haƙuri, ya jiƙansa, ya karɓi aikinsa ba tare da an ce ya sake ba. Amin.