Ƙafar Da Baba Ke Saukewa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Wada, uban ƙungiyarmu ta mahaya keke da masu gyara. Mai girma wakilin uban ƙasa. Liman Ibrahima da malaman da ke tare da shi. Hajiya Laraba da iyayenmu mata da sunka cika rumfar gabas. 'Yan uwa da sunka tako feda tun da sanyin safiya daga Isa, daga Bafarawa, daga Sabon Birni. Mutanen Gangara masu masaukin baƙi. Dattawa da samari, masu keke da masu aron keke: assalamu alaikum wa rahamatullahi wa barakatuhu.

Sunana Hafizullahi Attahiru. Faci da gyaran keke ne sana'ata, kuma da yawa cikinku kun zauna bisa bencina kuna jiran in toshe muku taya. Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya, a lokacin da hanyoyinmu ba kullum suke da daɗin bi ba. Ina godiya ga waɗanda sunka kafa rumfa, da waɗanda sunka dama furar da za mu sha. Ina godiya ga shugaba da yab ba ni wagga dama. Ranar da yan nemi in yi jawabi kan kiyaye haɗari, nic ce mishi kan ƙafa za ni magana. Yad dube ni yac ce, "Ƙafa? Ina birki, ina taya?" Nic ce, "Ranka shi daɗe, birki shina tsai da keke, amma ƙafa ke hana shi faɗuwa." Yac ce to, in dai ba za ni cinye lokacin azahar ba. Batutuwana ukku ne.

Na farko, tambaya ce gare ku. Jama'a, in kun taka birki kun tsaya, wace ƙafa kuke saukewa ƙasa? Ga shi ina ganin wasu sun duƙa suna duban ƙafafunsu kamar yau anka ba su su. Ba abin kunya ba ne. Ba wanda anka koya wa wanga abu, kuma ba wanda ya san amsarsa sai keke ya tsaya.

Shekara ashirin da biyu ina zaune bakin hanya, kuma tun da man fetur yay yi tsada anka jawo tsofaffin kekuna daga gindin rumbu, ba ni rasa abin kallo. Cikin mahaya goma, bakwai ko takwas ƙafar hagu suke saukewa. Ta hagu muke hawa, ta hagu muke sauka. Sarƙa tana dama, kuma duk wanda tat taɓa baƙanta wa wandon Juma'a ba shi sake kusantarta. Ƙafar dama kuwa ana barinta bisa feda don ta tura in za a tashi. Sauran biyu ko ukkun, akwai gajeru masu neman tudu ko ta wane gefe yake. Akwai masu cewa dama ta fi albarka. Na kai wa Liman wagga magana, yay yi dariya yac ce ya duba littattafansa bai samu babin keke ba. Akwai kuma wani aminina na Bafarawa, ba ni faɗin sunansa don shina nan zaune, wanda in ya ɗauro buhu biyu na gero ba shi sauke ko ɗaya: tsalle yake shi bar keke da Allah.

Na biyu, ya shafi wanda ka ɗauko. Ku samari, ku ba ni kunnuwanku. Keke shina karkata ne wajen ƙafar da kas sauke. Mace kuwa a karkace take zama bisa kariya, wato mazaunin baya, ƙafafunta biyu gefe guda, kuma bisa al'adarmu hagu take fuskanta. In ka karkata wajen ƙafafunta, ƙasa ta zo mata, ta taka ta miƙe da mutuncinta. In ka karkata ɗaya gefen, baya za ta tafi, da ita da goyonta da ƙwaryar da ke cinyarta, kuma babu abin kamawa a baya. Na ga haka ta faru bakin rumfata ba sau ɗaya ba. Na san wanga karatu, na koyar da shi, na yi wa mutane faɗa a kansa. Sai ga shi ya zo cikin gidanmu na kasa gane shi.

Shi ne batu na ukku, kuma dominsa nit tsaya gabanku.

Ga mahaifina can a sahun gaba, Malam Attahiru, mai farar hula. Gangara duka ta san shi da baƙin kekensa, wanda ya girme ni. Kuma duk wanda ya san shi ya san ƙafar dama yake saukewa. Abokansa sun yi mishi tsiya har sun gaji, wandunansa duk da tabon mai a ƙafa guda, bai taɓa ba kowa dalili ba. Mu 'ya'yansa mun ɗauka hali ne irin na tsofaffi.

Bara da damina gwiwarsa ta dama tak kamu da ciwo. Tana taka feda lafiya lau, amma ba ta ɗaukar nauyinsa in ya dira a kanta. Yaf faɗi a ƙofar masallaci. Yaf faɗi a bakin gona. Na zaunar da shi nic ce, "Baba, hagu za ka riƙa saukewa, lafiyarta lau." Yac ce, "To, na ji." Nir riƙe mishi keke a tsakar gida munka gwada, sau biyar shina sauke hagu daidai. Kwana huɗu bayan nan yaf faɗi ranar kasuwa, gaban mutane, goshinsa yaf fashe. Dama ce yas sake saukewa.

Jama'a, na ji tsoro, kuma tsoron yaz zame min fushi. Niɗ ɗauko kwaɗo da sarƙa, niɗ ɗaure keken a jikin turken zaure, nis sa mabuɗi aljihu. Nic ce mishi duk inda yake so in kai shi bisa mashin. Bai yi min musu ba. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Yad dubi keken, yad dube ni, yash shiga gida.

Wata biyu keken na ɗaure. Mutumin da ke zuwa gona da hantsi, shi leƙa ƙanwata Ikilima a ƙauyen da take aure, shi kai gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa ko'ina, yak koma zaman tabarma. Bai taɓa cewa in kai shi ko'ina ba. Kullum da safe sai shi ɗauki tsumma shi goge ƙurar sirdi, shi matsa taya shi ji ko da iska, shi koma shi zauna. Abinci yar rage ci. Ina gani da idona mahaifina shina tsufa cikin sati abin da bai tsufa cikin shekara ba, ina kuma gaya wa kaina taimakonsa nike yi.

Wata la'asar Inna Tani, mahaifiyata, tak kira ni bakin murhu. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, Mai Faci take ce min. Tac ce, "Mai Faci, kai da ka san keke, ba ka san abin da ke kada ubanka ba?" Nic ce, "Gwiwa ce, Inna." Tac ce, "Gwiwa ta same shi bara. Ƙafag ga tun kahin a haife ka take sauka. Wane kunne nawa ke ji?" Nic ce na hagu. Duk gidanmu mun san ƙyanda ta kashe mata kunnen dama tun tana ƙarama, ta hagu muke zagayawa in za mu yi mata magana.

Tac ce, "To, ranar da yaf fara ɗaukata bisa keken ga, zaman mata niy yi, ina duban hagu. Mataccen kunnen na wajensa. Tun daga nan har garinmu shina magana, ban ji ko ɗaya ba. Da munka isa yac ce, ashe haushinsa nike ji? Nic ce ban ji ka ba na. Da za mu komo yac ce in juya in dubi dama. Nij juya. Nij ji shi sarai har gida. Munka iso ƙohwar gida yas sauke hagu yadda yas saba, sai ga ni ƙasa ta baya, ƙahwahu sama." Tay yi dariya har tana share ido da bakin zane. Tac ce, "Daga ran nan bai sake sauke hagu ba."

Jama'a, sai niz zauna bisa turmi. Na tuna ina yaro ina ganinsu suna tafiya, ita tana duban dama saɓanin duk matan gari, kanta a karkace wajen bayansa, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na kuma tuna mu ne, mu 'ya'yanta, munka hana ta hawa shekara goma da sunka wuce, wai girma ya kama ta, wai kada a ce mun bar uwarmu bisa kariya. Shekara goma kariya ba kowa, ƙafar Baba tana sauka don kada wadda ba ta nan ta faɗi.

Nic ce, "To Inna, yaya za mu yi? In na buɗe zai sake faɗuwa." Tac ce, "Buɗe. Ka koya mishi da baki bai koyu ba. Bar ni da shi."

Washegari da hantsi nib buɗe kwaɗo. Inna taf fito da mayafinta, tan ninke tsohon bargo bisa kariya, taz zauna tana duban hagu. Baba yad dube ta yac ce, "Ba nan kike zama ba." Tac ce, "Yau nan nike zama." Yac ce, "Ba ki jin abin da nike cewa." Tac ce, "Malam, shekara arba'in da shidda ina jin ka. Na san abin da za ka ce. Hau mu tahi."

Sunka tashi, ni ina bin su da gudu a ƙasa, ni da furfurata. Sunka wuce rijiya, sunka wuce makera, sunka nufi tsamiyar bakin gari inda yashi ke tilasta wa kowa tsayawa. Nig ga ya matsa birki. Nig ga ƙafar dama ta ɗaga daga feda. Sai tak koma wurinta. Ƙafar hagu tas sauka, keke yak karkata hagu, Inna tat taka ƙasa tam miƙe tana gyara mayafi kamar jiya tab bari. Ni kuwa na tsaya bayan wani dannin kara, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Yau wata biyar ke nan, Baba bai sake faɗuwa ba, ko da ita ko shi kaɗai. Na tambaye shi yadda anka yi, yac ce, "Ƙahwa ba ta san ranar da uwarka take bisa da ranar da ba ta bisa ba." Abu guda ne yac canza: yanzu sai ya ɗaga murya kafin ta ji. Don haka hirar da sunka ɓoye shekara arba'in, yau rabin Gangara na jin ta. Masu shago a bakin hanya za su ba ku shaida, yawancinta kan farashin wake ce da wanda ya bar akuya tac ci shuka.

Kirana gare ku, 'yan uwa, shi ne wanga. In kun ɗauko mutum, ku duba inda ƙafafunsa suke kafin ku sauke taku. In kun ga tsoho ya nace kan wani hali da ke cutar da shi, ku tambaye shi, ku tambayi wanda ya zauna da shi, kafin ku ɗauko kwaɗo. Ni ban tambaya ba, kuma wata biyu na rayuwar mahaifina sun tafi a tabarma saboda ni.

Kafin in zo nan na nemi izininsu in ba da wanga labari. Baba yag gyaɗa kai alamar yarda. Inna tac ce, "Je ka hwaɗi abinka, ni kunnen da ba shi ji za ni juyo maka." To amma tun da nif fara magana nike duban rumfar gabas, kuma Hajiya Laraba shaida ce, na hagu taj juyo. Tunda kina ji, Inna, kuma kana ji, Baba: na buɗe kwaɗo wata biyar da sunka wuce, amma kunya ta hana ni buɗe baki. Na ɗaure maka keke, Baba. Mun sauke ki daga bayansa, Inna, ba mu tambaye ki ba. Don Allah ku gafarce ni. Ga kwaɗon, ga mabuɗin, na miƙa su ga shugaba, shi ba wanda ke da rumbun da ke buƙata.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda sunka ɗauke mu bisa kekunansu muna ƙanana, yau ba su tare da mu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu, Ya amintar da hanyoyinmu daga Isa har Sabon Birni, Ya ba mu damina mai albarka. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, shi da wanda yaɗ ɗauko, duk ƙafar da yas sauke ta samu ƙasa.

Wassalamu alaikum wa rahamatullah. Na gode.