Littafin da ke Saman Ƙahon Bunsuru

Baba: Halo? Luzi, ke ce? Mene ne ke huci a kunnena haka?

Luzia: Iska ce, Baba. Ina wuni?

Baba: Lafiya lau. Yau dai an tuna da mu. Kwana biyar ko ɗuriyarki, sai hotuna kawai kike turo wa uwarki.

Luzia: Yi haƙuri. Ya gida? Ya Mama? Ya gwiwa?

Baba: Gida lafiya. Mamanki tana lambu tana faɗa da dodon koɗi. Gwiwa kuwa tana nan da halinta. Ya hanya? Ya ƙawar taki, Noemi?

Luzia: Ga ta nan a zaune, tana gaishe ka. Ta ce ba ta da numfashin da za ta yi magana.

Baba: Ina amsawa. Ya Luzern? Tafkin yana nan inda na bar shi?

Luzia: Yana nan, bai matsa ba. Mun yi kwana uku a masaukin matasa, mu takwas a ɗaki ɗaya. Akwai wata da ta zo daga Ostareliya, munsharinta ya fi na Mama.

Baba: Kul ta ji ki.

Luzia: Shekaranjiya muna zaune bakin gadar katako muna cin burodi, agwagwar nan mai dogon wuya ta zo ta fizge na Noemi daga hannunta. Baƙi sun taru suna ta ɗaukar mu hoto kamar mu aka zo gani.

Baba: Tun ina yaro haka suke, ba su da kunya. Kina cin abinci mai zafi dai ko? Ba burodi da cuku kullum ba?

Luzia: Ina ci. Baba, wannan jakar taka ta goyo da ka ba ni aro...

Baba: Ta tsinke? Na faɗa miki maɗaurin hagu sai da lallashi.

Luzia: Ba ta tsinke ba. Ka san akwai wani aljihu a ciki, ƙarƙashin murfin?

Baba: Wane aljihu?

Luzia: Mai taswira a ciki. An ja layi da fensir, daga ƙarshen tafki har zuwa wani tsauni, an kewaye kansa.

Baba: Tsohuwar takarda ce. Ki jefar.

Luzia: Na makara. A kan tsaunin nake tsaye.

Baba: A kan me? Ban ji ba, kin yanke.

Luzia: Na ce ina saman Ƙahon Bunsuru!

Baba: Ke da wa? A watan Satumba? Ƙanƙara ba ta sauka ba?

Luzia: Ta sauka, har idon sawu. Mun shiga jirgin ruwan farko jiya, muka kwana a bukkar masu hawan dutse, da asuba muka kama hanya. Baba, ka ga wurin nan kuwa? Duk tsaunukan fari fat, tafkin can ƙasa kamar an zubar da shuɗi.

Baba: Na san yadda yake. Wane takalmi ne a ƙafarki?

Luzia: To ai tambayata ke nan. Yaya aka yi ka san yadda yake? Kai da ka ce rabonka da dutse tun kafin a haife ni?

Baba: Ƙarfe nawa yanzu? Ku fara sauka kafin hazo ya taso.

Luzia: Sha biyu da rabi, sama garau take. Akwai wani gicciye a nan ƙololuwa da akwatin ƙarfe a jikinsa, na buɗe don in sa sunanmu a littafin masu hawa. Ashe ba a cika zuwa nan ba, littafin ya shekara goma sha ɗaya bai ƙare ba. Ina buɗe shafin farko sai na ga rubutun da na sani.

Baba: Rubutu ai yana kama da rubutu.

Luzia: Wanda ya yi shekara tara yana sa hannu a takardun makarantata? Ji nan: "Bakwai ga Agusta. Luzia ta karya hannu a kan keke, ya warke. Meinrad." Meinrad nawa ne ke da 'ya Luzia mai karyayyen hannu?

Baba: Hm.

Luzia: Kuma Asabar ɗin farko ta Agusta ai ita ce ranar da kake cewa kuna fita yawon shaƙatawa da abokan aikinka, direbobin jirgin titi na Basel.

Baba: Suna fita mana. Ni ne dai ba na bin su.

Luzia: Akwai amsa a ƙasan naka, da wani rubutu mai kaushi kamar an yi da ƙusa. "Sha biyar ga Agusta. Ka cire mata keken. Ciyawa ta yi kyau bana. W." Wane ne W?

Baba: Kin sani, tunda kika kira.

Luzia: Baffa Wendel? Ƙanenka da ko sunansa ba a ambata a gidanmu? Wanda Mama ke taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur in na tambaya?

Baba: Shi.

Luzia: To kuna haɗuwa a nan ke nan duk shekara, ku bar mu muna tafiya a kan ƙaya?

Baba: Ba mu taɓa haɗuwa ba. Ko sau ɗaya. Ni ina hawa ta ɓangaren da kuka biyo, shi yana hawa ta kwarinmu bayan mako guda. Rabon da in ga fuskarsa shekara goma sha tara.

Luzia: Ban gane ba. Me ya haɗa ku tun farko? Yau dai sai ka faɗa mini.

Baba: Cajinki nawa ya rage?

Luzia: Sha ɗaya. Sanyi yana shanye shi. Kada ka kauce.

Baba: Ranar da aka binne kakanki, kina da shekara biyar. A bakin kabarin, gaban limamin coci da duk mutanen ƙauye, Wendel ya ce wanda ya gudu birni ya bar tsoho da shanu ba shi da kujera a gidan. Ni kuma jini ya hau mini kai, na rantse ƙafata ba za ta sake taka kwarin ba, bakina ba zai sake yi masa magana ba.

Luzia: Gaskiya ya faɗa?

Baba: Abin da ya ƙona ni ke nan. Shekara shida yana ɗaga Baba yana kwantarwa, yana tatsar shanu safe da yamma, ni ina zuwa da cakulan ranar Kirsimeti.

Luzia: To littafin fa? Wa ya fara?

Baba: Ba wanda ya shirya. Shekara ta zagayo, kewar wurin ta hana ni sukuni. Na ce tsauni ai ba kwari ba ne. Nan Baba ke kai mu muna yara in an gama yankan ciyawa. Na hau, na rubuta sunana, na ƙara da cewa ana hango rufin gidanmu daga nan. Da na koma shekara ta gaba sai na tarar an rubuta a ƙasa: "Rufin yana yoyo."

Luzia: Shi ke nan? Rufin yana yoyo?

Baba: A wurin Wendel wannan doguwar wasiƙa ce. Wancan littafin ya cika, an sauke shi, wannan ne na biyu.

Luzia: Ku biyun nan sai Allah. Ji wani: "Luzia ta ci jarrabawa." Shi kuma: "Ba kanka ta ɗauko ba. Jar saniya ta haifi tagwaye." Baba, duk rayuwata tana nan, tsakanin tagwayen maruƙa da farashin ciyawa.

Baba: Yana tambayar ki. Duba shekarar da aka yi fari.

Luzia: Na gani. "Tana kama da Inna?" Kai kuma ka jira shekara guda ka ce, "Har taurin kan."

Baba: Ƙarya na yi? Sunanta kika ci, halinta kika kwashe.

Luzia: Mama ta sani?

Baba: Ban taɓa faɗa mata ba. Sai dai duk ranar takan sa mini safar ulu biyu a jaka, kuma direbobi ba sa yawo da safar ulu a watan Agusta.

Luzia: To, amma ka san abin da ya rubuta bayan ka daina zuwa?

Baba: Ta ina zan sani? Na ƙarshe da na rubuta shekara uku ke nan, na ce gwiwa tana damuna. Daga nan aka yi mini aiki. Matakalar bene ma da ƙyar.

Luzia: Ya amsa wannan. Ya ce, "Tsufa ne, rago."

Baba: Ka ji ɗan banza. Wata goma sha huɗu na ba shi.

Luzia: Na shekara ta gaba, shi kaɗai ne a shafin. "Ba ka zo ba." Na bara kuma... Baba, kana ji na?

Baba: Ina ji. Karanta.

Luzia: "Ba ka zo ba. Ina sayen jaridar Basel a gidan waya, ban ga sunanka cikin waɗanda suka rasu ba. To fushi ne?"

Baba: Fushi? Wane irin fushi kuma? Na faɗa masa gwiwa ce!

Luzia: Ka faɗa masa tana damun ka, ba ka ce ta hana ka ba. Me ya sa ba ka aika masa kati ba? Ko ka kira?

Baba: Na sayi kati sau biyu. Yana nan cikin aljihun tebur. A can sama abu ne mai sauƙi, kamar da dutsen nake magana. Kati kuwa sai ya bi ta hannun mai raba wasiƙu, kafin yamma duk ƙauye sun ji Meinrad ya sauko.

Luzia: Don kada ƙauye su ji. To ga na bana, kwana goma da suka wuce. Rubutun yana rawa, kuma ya fi duk sauran tsawo.

Baba: Luzi? Kin tafi. Halo?

Luzia: Na juya wa iskar baya. Yanzu fa?

Baba: Yanzu ina ji.

Luzia: "Wannan ne hawana na ƙarshe, numfashi ya ƙi. Awa bakwai na yi a hanyar awa uku. Shanu za su sauko daga makiyaya Asabar ta uku a watan Satumba, daga nan maƙwabci zai karɓe su. An goge manyan ƙararrawar wuyan shanun, matan ƙauye za su ɗaura musu furanni. Ta gaba ba ni da wanda zai riƙe mata igiya. W."

Baba: Sake karanta layin ƙarshe.

Luzia: "Ta gaba ba ni da wanda zai riƙe mata igiya." Me yake nufi? Ba za a rasa mai riƙewa a ƙauye ba.

Baba: Ba kowa ke riƙe ta ba. A gidanmu babban ɗa ne ke jan saniyar gaba ranar saukowa, mai gida yana bin garken a baya. Tun ina shekara tara nake riƙe ta, har na bar gida.

Luzia: Asabar ta uku ai jibi ce.

Baba: Na iya lissafin kwana.

Luzia: Fensir yana hannuna. Faɗi abin da zan rubuta masa, in sa sunanka.

Baba: Wa zai karanta? Ai ya ce ba zai sake hawa ba.

Luzia: Gaskiya ne. To ya za a yi? Saura uku, Baba, wayar ta fara gargaɗi.

Baba: Tsoro nake ji, Luzi, ba zan ɓoye miki ba. In na tsaya gabansa ban san me zan ce ba. Layi ɗaya a shekara kawai na iya.

Luzia: Shi ma ai layi ɗaya ya iya.

Baba: Tsaya ki ba gicciyen baya. Kina ganin wani dutse mai fenti fari da shuɗi ta hagunki?

Luzia: Ina gani, ƙanƙara ta rufe rabinsa.

Baba: Nan hanyar kwarinmu ta fara. Kada ku bi ta kan gangaren fari ko da ya yi kama da yanke, ku bi fentin, a hankali, Noemi a bayanki. Awa biyu za ku fara jin ƙararrawa. Akwai bukka mai kwamin ruwa na itace a ƙofa, can yake kwana da shanun.

Luzia: In ce ni wace ce?

Baba: Ba sai kin ce ba, cire hular kawai. Zai ba ku taliya da dankali, kada ki ce ta yi gishiri.

Luzia: Saƙon fa? Me zan ce ka ce?

Baba: Ki ce masa gwiwa ce, ba fushi ba. Ki ce ba na iya sauri, sai dai shanun su bi ni a hankali. Jirgin ruwan safe zan shiga gobe, motar rana ta ajiye ni gaban coci, duk wanda zai gani ya gani.

Luzia: Rantsuwar fa, Baba?

Baba: Ni na yi ta, ni zan amsa. Kuma ki tambaye shi rufin nan, ko har yanzu... Luzi? Halo? Luzi! Ta mutu. Hedi! Hedi, bar lambun nan ki zo, ina kika ajiye mini takalman dutse?