Kuɗɗin Lampon da Anka Tare Mini a Hanya

Bijimai biyu na Baba anka sayar kafin in hau jirgi. Suna can Azagor wurin Bafulatanin da ke yi muna kiwo, anka koro su Dakoro ranar kasuwa. Ubanku Mamman, da yake shi ne babban wana, ya ƙara da gero daga rumbunshi, Inna kuma ta kwashi adashenta na man gyaɗa ta ɗora. Duk anka haɗa, kuɗɗin jirgin mutum ɗaya sunka yi. Ɗiyata Zara'u lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, ubanta ya rasu, sai na bar ta wurin Inna, na ce baɗi in aiko a kai mini ita.

Kai Laminu, aje wayar nan, don kai nake wannan zance. An ce mini kai ma ka cika tambolar Amirka, cacar bizar nan. Ni ma haka na fara. Ina koyarwa a lakkwal, makarantar boko ta Rumbu, ƴar kwantiragi, albashi sai an manta da shi yake zuwa. Na je Maradi biɗar haƙƙina, na shiga siber, shagon intanet, na cika takardar tambolar kamar wasa, sai ta faɗo kaina.

Garin da na sauka sunanshi Filadelfiya, ƴan ƙasarmu na can suna ce mishi Fila don a san sun waye. Ɗakin da na kama a ƙarƙashin ƙasa yake, wai shi besiman. Tagarshi daidai da takalman masu wucewa. Mai gidan, wanda suke kira landilo, wani tsoho ne mai kare, karen kuma a sama yake kwana, kan kujera. Duk ranar da na sa daddawa a miya sai ya sauko yana toshe hanci, ya ce wani abu ya mutu a ɗakina. Na ce mishi abin da ya mutu a ɗakin nan na'urar ɗumama ɗaki ce, tun farkon sanyi, in ya gyara ta sai mu yi zancen miyata. Bai gyara ba, ni ma ban daina ba.

Kitso na fara yi a shagon wata ƴar Gine, Madam Binta. Ni da bak ɗina na gama sakandare, ina tsaye bisa kan mutum tun safe har yatsuna su sandare, a biya, Madam ta raba biyu ta ɗauki rabi don kujerar tata ce. To a cikin bas ɗin da nake hawa akwai hoton wata mace da farar riga ta asibiti tana murmushi, an rubuta cewa cikin ƴan watanni kowa na iya zama mai taimakon likita. Na bi adireshin.

Wani mutum mai fararen haƙora ya tarbe ni, ya ba ni kafe, ya ce kada kuɗɗin karatu su dame ni, akwai abin da ake kira ed, wato taimako. Na tambaye shi ko irin bursi ne da gwamnati ke ba ɗalibai a ƙasarmu. Ya ce kusan haka, wani sashe kyauta ne, sauran kuma sai na samu aiki in riƙa biya kaɗan-kaɗan, ba zan ma ji ba. Ku ji mutanen da ke kiran bashi taimako, ba ko kunya. Ya yi ta nuna mini wuri da yatsa ina sa hannu.

Lakkwal ɗin a saman wani kantin katifa take. Majinyacinmu ɗan tsana ne na roba, guda ɗaya tak, hannunshi ɗaya ya cire, mu duka muke layi mu auna mishi jini. Malamar takan kunna muna bidiyo ta fita shan taba. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, sai na je wani asibiti na tambayi wata mai ɗaukar ma'aikata. Ta duba sunan lakkwal ɗin, ta ce difulom ɗinsu ba ya aiki a wurinsu, kuma ba ta san inda yake aiki ba. Ban sake komawa ba. Bayan wani lokaci na wuce ta wurin na ga an rufe sama, masu katifa dai suna nan suna ciniki. Na ce to an yi an gama, wanda ya sayar da iska ya tattara ya gudu, wa zai biɗi kuɗɗin iska?

Daga baya na samu aikin wanki a gidan tsofaffi, inda mutanen can ke kai iyayensu su aje. Kitso ya koma na Asabar da Lahadi. A gidan tsofaffin, kafin albashi ya zo hannuna an riga an yanke lampo, wato haraji, su takis suke cewa. Amma wai duk da haka kowace shekara sai mutum ya zauna ya rubuta ma gwamnati abin da ya samu, ita da ta riga ta sani, ta kuma riga ta ɗiba. In ta ɗiba fiye da ƙima sai ta maido, shi ne rifan. Lokacinshi in ya zo ba a jin komi a shago sai rifan, rifan, kamar kwaɗi bayan ruwa. Wannan za ta sayi talabijin, waccan za ta yi zinari. Madam Binta kuwa ta ja kunnena, ta ce in na kuskura na rubuta za su gano kuɗɗin kitso su bi ni har besiman. Ashe shagonta take karewa. Ni dai na ga an yanka tun ban gani ba, mi kuma zan rubuta? Shekaru sunka yi ta wucewa a haka, abin da na samu rabi kuɗɗin ɗaki, rabi in aiko gida.

Zara'u ta kai shekara goma sha ɗaya ina ce mata baɗi. Da na tashi da gaske na je buro, wato ofishin masu taimakon baƙi, sai matar da ke wurin ta ce ba a kawo yaro sai an nuna takardun lampo, a ga uwar na iya ciyar da shi. Ta tambaye ni na shekarun baya. Na ce babu ko ɗaya.

Haka na faɗa hannun Mushe Ilu. Ɗan Maradi ne, buronshi a bayan wani kanti da ke sayar da manja da katin waya, ka ratsa buhunan shinkafa kafin ka iske shi. Amma kullum da karabati, wato laktaye, a wuya, Hausa ma ba ya gama jimla da ita sai ya yayyafa Turanci. Ya baje takardun albashina, ya danna ordinatar, wato kwamfuta, ya kaɗa kai. Ya ce na tsofaffin shekaru sun riga sun mutu, in anka wuce shekara uku gwamnati ba ta maido ko dala. Na ce in ni ce ke riƙe da nata fa, shi ma yana mutuwa bayan shekara uku? Ya ce a'a, nata ba ya mutuwa. Amma ya ce in kwantar da hankali, na shekaru ukun nan na ƙarshe, ko da an sa kuɗɗin kitso an yanke nasu, sauran da za a maido mini ya isa kuɗɗin takardun Zara'u da na jirginta, har in kama ɗaki a bisa ƙasa kamar mutane. Ya karɓi ladarshi nan take, kowace shekara da farashinta, har da shekarun da ya ce sun mutu.

Na fito ina jin kamar ba a ƙasa nake tafiya ba. Na kira gida, Inna ta kai atamfar Zara'u wurin tela. Na gaya ma landilo ya nemi wani, ni na tashi. Kullum ina duba banki a waya.

Kuɗɗi ba su shigo ba, ambulan ya zo. An rubuta cewa lissafina daidai ne, rifan ɗina ya fito cif, kuma an miƙa shi gaba ɗaya ga masu bashin karatu. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ashe duk shekarun nan da ban rubuta komi ba, ba su da inda za su kama. Ni da ƙafata na kai kaina, na kuma biya Mushe Ilu don ya nuna musu hanya.

Na ratsa buhunan shinkafa na aje mishi takardar. Ya gyara karabati.

"Ai ba ki gaya mini kina da lon na karatu ba, Hajiya."

"Ka tambaye ni?"

"Ba ya cikin tambayoyin ordinatar."

"To ladar da ka karɓa, tana cikin abin da ake maidowa?"

Ya ce shi aikinshi ya yi, ga shi ma gwamnati ta shaida lissafinshi daidai ne.

Buron lampo sunka ce su masu miƙawa ne kawai, in nemi ma'aikatar ilimi. Ma'aikatar ilimi ba ta da ƙofar da mutum zai buga, sai lamba. Ka kira, a kunna maka kiɗa, ka gama wanke zanen gado goma ana kiɗa. Daga ƙarshe anka haɗa ni da wani kamfanin karɓar bashi, wata mata mai sanyin murya da ke kirana Rikaya, Rakiya ta gagare ta. Ta karanto mini bashin. Ya yi ta haihuwa yana kwance, har bayan sun kwashe rifan ɗina saura ya fi abin da na sa ma hannu tun farko. Na ce mata ɗan tsana mai hannu ɗaya na gani, lakkwal ɗin ma ta rufe. Ta ce da ta rufe ina ciki da akwai magana, amma ni na fita da kaina tun da wuri. Wato laifina shi ne na gane da sauri. Na tambaye ta rifan na baɗi. Ta ce shi ma za su ɗauka, da na bayanshi, sai ranar da anka gama. Sannan ta yi mini fatan in wuni lafiya.

Landilo ya ce ɗakin yana nan in ina so, amma yanzu ni sabuwar mai haya ce, farashi sabo. Na biya.

Abin da ya fi mini wuya kiran gida. Inna ta miƙa ma Zara'u waya, na yi ta kewaye-kewaye, na ce an samu ɗan jinkiri, sai dai baɗi in Allah ya yarda. 

"Ba komi, Mama," ta ce. "Dama ban gaya ma kowa ba."

Yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya, an ɗinka mata kaya, an ce za ta hau jirgi, amma ko ƙawarta ba ta gaya ma ba. Ta riga ta san maganata. Na aje wayar na zauna bakin gado na daɗe.

Takarduna dai sun yi tsaf, ba wanda ya fi ni tsabta a wurin gwamnatinsu. Amma na tambaya anka ce ko na tara kuɗɗin, layin kawo yaro shi ma shekaru ne. Na ƙara sanyi ɗaya ina wanki da kitso, na sayi tikiti. Kafin in taso na kira mai sanyin muryar nan na ba ta lambar gidanmu ta Dakoro, don kada a ce Goggonku gudu ta yi.

Kun ga yadda na sauka a tasha, akwati biyu, ɗaya duk gashin kitso ne. Masu jiran su ga na zo da mota sunka duba bayana ba su ga komi ba. Shagon kitson nan nawa na bakin kasuwa shi ne duk Amirkata, kujerar kuma tawa ce.

Kuma sun kira, kada ku ce wasa suke. Watannin baya ina tsakar gida ina yi ma Zara'u kitso, hannuna duk mai, waya ta yi ƙara, Inna ta ɗauka. Na jiyo muryar daga nesa ana neman Rikaya. Inna ta gyara zama bisa tabarma ta fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina sanyi, ya masu jiki. Can anka yi Turanci, Inna ta ce madalla, ta sake ɗaukowa daga farko, ta tambayi iyayenta ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko an samu ruwa a wajensu bana. Ba ta kai ga dabbobi ba anka kashe.

Inna ta dubi wayar, ta miƙo mini.

"Wannan ƙawar taki ba ta da tarbiyya," ta ce. "In ta sake kira ki ba ni ita."