Rigunan Manoman Kaɗa

Mazin: Alo? Salamu alaikum, Kawu Jibirin.

Jibirin: Wa alaikumus salam. Mazin ne? Ɗan ƙanwata, ina wuni?

Mazin: Lahiya, alhamdu lillah. Ya mutanen garin Abu Hujar? Ya ƙafar Inna Zamzam?

Jibirin: Da sauƙi. Ya birnin Madani, ya karatu, ya zahi?

Mazin: Tamam, Kawu. An gama aikin gona?

Jibirin: Mun cire tas, gobe taron ƙungiya. Rigunan da na aike ka hwa?

Mazin: Halas, an gama! An saya, an buga rubutu, komai.

Jibirin: Madalla. Ka san bara Sambo ya kawo muna na roba, munka jiƙe da zuhwa, ƙuraje sunka hito ma kowa. Ni na tashi gaban jama'a na laƙa mai suna Sambo Leda, anka tsige shi anka ba ni shugabanci. Na rantse bana rigunan kaɗa zalla za mu sa.

Mazin: Ai na riƙe maganarka. Kasuwa duka na zagaye kafin in samu. Kowace riga da kada.

Jibirin: Allah shi yi ma albarka. Ka ƙona zare ɗaya yadda na ce? Ya zama toka?

Mazin: Alo? Layin yana...

Jibirin: Toka! Ya zama toka?

Mazin: A'a, mai shagon ya ce kar in kawo wuta kusa, narkewa yake. Amma Kawu, ka ga sheƙi! Ba ya yamutsewa, ba ruwansa da guga.

Jibirin: Tsaya. Yaushe kaɗa ta hwara narkewa?

Mazin: Ba kadan ke narkewa ba, yadin. Shi kadan ɗinka shi aka yi a ƙirji. Kore, ya buɗe baki.

Jibirin: Wa ya buɗe baki?

Mazin: Kadan mana. Na cikin kogi, timsah.

Jibirin: Inna lillahi! Kaɗa na ce, yaro! Ɗa, ɗa, kamar ɗan banza! Auduga! Abin da muke nomawa, abin da ya kai ka jami'a!

Mazin: Wai gutun? Haba Kawu, da ka ce gutun kawai. Ni na ga muna bakin kogi, na ce ko alamar ƙungiya ce.

Jibirin: Kakanka ya tako da kalmar nan tun daga Sakkwato har ƙasar Larabawa ba ta hwaɗi ba, kai ka yada ta tsakanin nan da Madani. To rubutun baya? Ƙungiyar Manoman Kaɗa, dai ko?

Mazin: E to, mai bugawar ba ya jin Hausa, sai na juya masa da Larabci.

Jibirin: Ka juya mi?

Mazin: Ƙungiyar Manoman Timsah. Da manyan haruffa, daga nesa ana karantawa. Har ya tambaya ko kuna sayar da fata.

Jibirin: Mazin, saurare ni. Kada ka aiko su.

Mazin: Kada ko kaɗa?

Jibirin: Kada! Kar! Tura su ƙarƙashin gado, in ce ma mutane mota ta ɓaci.

Mazin: Ai sun taho tun safe. Na yi sa'a, na ga ɗan gida a tasha.

Jibirin: Wa?

Mazin: Baba Sambo. Wallahi mutumin kirki ne, Kawu. Ya buɗe ɗaya, ya murza ta, ya karanta baya, ya yi ta murna har ya zauna ƙasa yana share hawaye. Nan take ya sa ta bisa jallabiyarsa.

Jibirin: Ya sa?

Mazin: Ya ce kar ka wahala, shi zai raba gida-gida da kansa. Ya ce ma ya samo maka suna, wai in gaida Jibirin Ka... alo? Kawu, kuɗin wayata za su...