Ƙullin Sawun Alhaji Issouf

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro, Malam Aminu, ko Mushe Aminu yadda 'yan lekol ke cewa. Wakilin Gwamnan jihar Tawa. Wakilin magajin gari. Wakilin mai martaba Sarki. Limamanmu da malamanmu. Abokan aikina malaman lekol, na yanzu da waɗanda alli ya gama da idanunsu irina. Iyayenmu mata da sunka baro girki sunka zo. Mutanen Affala da Barmu da Takanamat da sunka yi sammako. Babban baƙonmu Alhaji Issouf Ɗan Affala, wanda ke zaune a gaba kai babu hula. Da dukkan jama'ar da ta cika wannan ɗakin karatu, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Sunana Raƙiya, shekara talatin da huɗu ina karantarwa kafin in aje aiki. Ina godiya ga kwamitin makon karatu da ya ba ni littafin nan, Sawun Biɗa, na ɗiyarmu Hafsatu Issouf, ya ce in auna shi da rayuwar wani babban ɗan kasuwa na ƙasar Adar. Sun ce in zaɓi wanda na ga dama. Na zaɓi uban marubuciyar. Na ga fuskar Mushe Aminu ta sake tun ranar da na faɗa masa, domin duk wanda ke Tawa ya san shekara biyu ke nan Alhaji bai amsa gaisuwar ɗiyarsa ba, saboda wannan littafin. Ga ta can bakin ƙofa a tsaye, ga shi nan gaba a zaune, tsakaninsu bai kai taku ashirin ba.

Kafin in shiga magana, bari in warware muku zancen hula, don na ga wasu na ta kallon kan Alhaji. Hularsa ga ta nan cikin jakata. Ranar Juma'a na tare shi a bakin garejinsa, gaban direbobinsa, na cire ta, na ce in yana son abarsa ya zo nan yau. Babu wanda zai yi masa haka ya kwana lafiya sai ni, domin ni tobashiyarsa ce: ubana da uwarsa, Gwaggo Lalla, ciki ɗaya sunka fito. Ya ce mini, "Raƙiya, hula nawa gare ni gida?" Na ce, "Da yawa, amma wagga ita ce wadda mace ta ƙwace." Ga shi kuwa ya zo. Alhaji, na gode, kuma ka daure ka ji ni har ƙarshe, don abin da zan faɗa ba wasan tobasai ba ne.

Magana uku gare ni.

Ta farko ita ce tafiya. Mu Adarawa ba mu cewa mutum ya yi hijira, ba mu cewa ya gudu; cewa muke ya tafi biɗa, wato neman arziki. Babu gida a ɗakin nan da ba a taɓa raka wani tasha ba, babu uwa a nan da ba ta san nauyin wannan kalma ba. A cikin littafin, wani saurayi mai suna Nura ya bar ƙauyensu a shekarar da gero bai yi ba, tumakin ubansa sunka ƙare, ya rantse ba zai komo ba sai da abin da zai maida garken. Da ya juya baya, uwarsa Sauda ta duƙa ta kwashi ƙasar da sawunsa na dama ya taka a bakin ƙofa, ta ƙulle a ƙyalle, yadda tsofaffinmu ke yi don ɗa ya komo. Malam liman, na san abin da za ka ce game da ƙullin ƙasa, kuma gaskiyarka. Tsohuwa ce da son ɗa ya yi wa yawa, Allah ya gafarta mata.

To, haka Issouf ya bar Affala yana da shekara goma sha tara, a shekarar babbar yunwa, da riga ɗaya da ƙullin gari. Ina tsaye Gwaggo Lalla ta duƙa. Ƙyallen baƙi ne, daga bakin zanenta ta yage shi. A nan littafi da rayuwa sun taka sawu ɗaya, ba zan ɓoye ba. Amma ina tambayarku, jama'a: Nura nawa ne a Barmu? Nura nawa ne a Takanamat? Wanda duk ya ce wannan shafin sirrin mutum ɗaya ne, bai taɓa tsayawa tasha ranar da motar Abijan za ta tashi ba.

Magana ta biyu ita ce abin da kowannensu ya yi da biɗarsa, kuma a nan hanyoyinsu sunka rabu. Nura na littafi bai samu ba. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi tallan agogo, kunya ta hana shi komowa, har ya daina aiko da saƙo. Issouf ma ya yi dako, shekara shida yana ɗaukar buhun albasar wasu a kasuwar Abijan, kuma can ya koyi abin da ya maida shi abin da ya zama. Ya lura albasar ƙasarmu na isa bakin teku rabinta ta ruɓe, don ana danne ta cikin mota kamar duwatsu. Shi ya fara sa a jera buhuna da rata a tsakani don iska ta ratsa, shi ya fara tsaida mota a hanya a sauke a tsince. Sunka yi masa dariya, sunka ce ɗan dako zai koya wa masu mota lodi. Yau kamyonsa, manyan motocin kaya, sun fi arba'in, kuma duk mai lodin albasa daga nan har bakin teku jerin Ɗan Affala yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Samari nawa ne sunka fasa tafiya biɗa don sun samu aiki a garejinsa? Rijiya nawa ya gina a arewa, inda mata ke kwana biyu kan neman ruwa? Wannan ɗakin da muke ciki, shi ya yi masa rufi, shi da bai taɓa zama benci a lekol ba.

Kuma Issouf bai taɓa yanke saƙo ba. Kaset yake aikowa, duk wata uku. Ni nake sa wa Gwaggo a rediyo, lokacin ina sabuwar malama a Affala. Ta kan sa in maido wurin da ya yi tari, ta ce, "Ji, sanyin teku ya kama shi, yaron ga ba ya rufe ƙirji." Zancen da ya yi duka ba ya damunta kamar wannan tarin. Don haka masu cewa Hafsatu ta zana ubanta a matsayin ɗan da ya manta uwa, ban san wane littafi sunka karanta ba.

Amma na san iyakar inda sunka karanta. Littafin babi goma sha biyu ne. A babi na tara Sauda ta rasu, Nura ya iso bayan an rufe ta, wata 'yar'uwarsa ta tare shi a bakin ƙofa ta ce masa, "Ta cika da ƙullin sawunka a hannu." Nan masu kai rahoto sunka rufe littafi, sunka sa takalmi, sunka nufi gareji. Sunka ce, Alhaji, ɗiyarka ta tona maka asiri, ta saida kukanka a kasuwa. Alhaji ba ya karatun boko, da kunnen mutane yake karatu. Ya ji, ya yarda, ya rufe ƙofarsa. Ban ga laifinsa ba, domin wannan maganar an taɓa faɗa masa ita, kalma da kalma, shekara talatin da sunka wuce.

Ni na faɗa masa. Wannan ita ce maganata ta uku, kuma ita ce ta kawo ni.

Gwaggo Lalla ta rasu cikin damina, shekara goma sha ɗaya bayan tafiyar Issouf. Ni na yi jinyarta, ni na rufe mata ido. Kwana huɗu da binne ta sai ga shi da kamyonsa na farko, sabo fil, shaƙe da gero, yara na bin sa da gudu, bai san abin da ya faru ba, saƙo ya saɓa da shi a hanya. Da na gan shi ya diro da farar shadda yana dariya, wani abu ya taso mini. Na gaji, na yi kuka har na ƙoshi, kuma ina jin haushinsa. Na tare shi na ce, "Ta cika da ƙullin sawunka a hannu." Ya zauna a ƙasa da shaddar. Da ya tashi ya ce kada wanda ya sake yi masa zancen Inna. Tun daga ranar babu wanda ya yi, sai dai kowane kamyo nasa, in kun duba bayansa, an rubuta Allah ya jiƙan Inna.

Ban yi ƙarya ba, amma abin da na yi ya fi ƙarya muni. Ƙyallen na hannunta, gaskiya ne. Sai dai babu ƙasa a cikinsa.

Wata uku kafin rasuwarta, da hantsi, ta ce in kama ta in kai ta bakin ƙofa. Ta kwance ƙullin da haƙoranta, don yatsunta sun daina iyawa, ta zazzage ƙasar a kan hanyar da ta yi kudu. Na ce, "Gwaggo, mi kike yi haka?" Ta ce, "Ni na ɗaure yaron ga. Shekara goma ƙahwatai na hannuna, bai yi gaba ba, bai komo ba. Na kwance shi. Shi biɗi abin da Allah ya aje mai, in ya samu shi tuna da mutanen Affala. Ke kau, Raƙiya, in ban gan shi ba, ki hwaɗa mai ban riƙe shi da komi ba, ko ƙwayar ƙasa guda." Ta riƙe ƙyallen don ƙamshinsa ya zame mata sabo, shi ke nan.

Saƙo ne aka ba ni, na riƙe. Ranar farko haushi ya hana ni, bayan nan kunya, bayan nan tsoro. Na ƙwace masa hula, na ci masa kaji, na yi masa kowane irin wasa a gaban mutane, amma wannan magana ɗaya ta fi ƙarfin bakina. Da Hafsatu ta girma tana tambayata wace ce kakarta, sai na sauke mata kayan, ita da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ta yi kuka, ta ce, "Inna Raƙiya, Baba ya hana a yi mai zancen, amma bai hana a rubuta ba." Shekara uku tana rubutu. Babi goma sha ɗaya duka hanya ce ta share don ta iso da ubanta babi na goma sha biyu, inda labarin ya koma baya, aka ga Sauda ta kwance ƙulli a bakin ƙofa kafin rasuwarta. Bari in karanta muku layin ƙarshe: "Ƙasar ta koma cikin ƙasa, kuma duk inda Nura ya taka daga ranar, da izinin uwarsa ya taka."

Ya ku jama'a, an ce in auna littafi da rayuwa, ga abin da na samu. Nura ya tafi biɗa bai samu dukiya ba, amma marubuciya ta ji tausayinsa ta isar masa da saƙon uwarsa. Issouf ya tafi biɗa ya samu abin da Adar duka ke faɗi, amma saƙon uwarsa ya makale a bakin wata malamar lekol shekara talatin. Ya gina rijiyoyi yana neman gafarar da an riga an yi masa. Ku 'yan makaranta da ke baya, in kun ɗauki littafi ku kai ƙarshensa kafin ku kai labarinsa wani wuri. Ku kuma da aka ba saƙo, ku isar tun mai shi na da sauran kunnen ji.

Issouf, ɗan gwaggona. Inna ta ce ba ta riƙe ka da komi ba. Na isar, a gaban liman, a gaban mutanen Affala. Ɗiyarka ba ta tona maka asiri ba, nawa ta rufa, don ko sunana ba ta sa ba. In akwai wanda za ka daina amsa wa gaisuwa, ga ni. Ka yafe mini don Allah.

A'a, kada ka rufe fuska da hannun riga, ba kowa a nan sai naka. Ga hularka, amma ƙafafuna sun tsufa, ba ni iya saukowa daga wannan dandamali sau biyu. Hafsatu, taho. Ku buɗa mata hanya. Karɓi, da hannu biyu, ki kai wa ubanki.

Ku bar tafi tukuna, ku bari ta isa.

Alhamdu lillahi. Ya karɓa, kuma kun ga bai saki hannunta ba. Mushe Aminu, a ƙara kujera ɗaya a gaba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Lalla, ya jiƙan dukkan iyayen da sunka raka ɗiyansu bakin ƙofa ba su ga komowarsu ba. Allah ya tsare 'yan biɗarmu duk inda suke, ya maido su a lokacin da za su tarar da masu jiransu. Allah ya ba mu damina mai albarka daga Tawa har Takanamat, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka ga alƙalamin ɗiyanmu da dukiyar 'yan kasuwarmu. Allah ya maida kowa gidansa lafiya.

Na gode.